Daga Ƙoshiya Zuwa Kwarashi: Tarihin Saƙar Hannu a Bakin Iyakar Bagudo

Bahaushe kalma ɗaya gare shi, wato saƙa, da yake kiran ayyuka da dama da ita. Masaƙin da ke zaune gindin bishiya yana wurga ƙoshiya, saƙa yake yi. Mai tabarma da kabarsa saƙa yake yi, haka Basarken da ke ƙulla taru a bakin kogi, kai har gizo-gizo ba a raba shi da wannan suna ba. Ita ma matar da ke zaune a tsakar gida da dunƙulen ulu a cinyarta, tana juya kwarashi ko allura biyu don ta fitar da hular jariri, in ka tambaye ta abin da take yi, saƙa za ta ce maka. To wannan haɗa su da harshe ya yi shi ya sa mutane da yawa ba su lura da cewa ayyukan ba sa'o'in juna ba ne. Wasu sun girmi Daular Usmaniyya nesa ba kusa ba, wasu kuwa da ƙyar suka cika shekara ɗari a hannun matanmu.

Wannan maƙala za ta bi sawun autar cikinsu ne, wato saƙar allura da ta kwarashi, da kuma 'yar uwarsu, saƙar leshi da hannu. Kuma an zaɓi ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi ta zama wurin tsayawa a duba lamarin, domin nan ne hanyoyin da suka kawo wannan sana'a, da waɗanda suka nemi kashe ta, suka gitta juna. Ga 'yan uwa marubuta kuma akwai ɗan tsokaci. A littattafanmu na soyayya ba wuya ka ga an ɓata rabin shafi ana siffanta leshin da tauraruwa ta sa, da launinsa, da kuɗinsa, amma da wuya ka ga an ba hannun da ya riƙe zare ko da layi biyu.

Ƙasar Da Hanya Ta Raina

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana ƙarƙashin masarautar Gwandu, kuma kogin Kwara ya ratsa ta. A ƙidayar 2006 an sami mutum kusan 238,000 a cikinta. Garuruwanta irin su Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya suna hayin kogi ne, wajen yamma, suna kallon Jamhuriyar Benin, wadda kafin 1975 ake kira Dahome. Mazauna wurin sun haɗa da Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa, kuma kusan kowace ƙabila daga cikinsu tana da dangi a ɗaya ɓangaren iyakar.

Ita iyakar kanta baƙuwa ce. A ƙarni na 19 babu ita, sai hanya. Fataken Gwanja da suka taso daga Kano ko Sakkwato sukan yada zango a Jega, wadda a lokacin tana cikin manyan kasuwannin daular, daga nan su gangaro su ƙetare Kwara a wajen Illo ko Gaya, su bi ta Kandi da Jugu da Sansanin Mango da Yandi, har su isa Salaga. Abin da suke ɗauke da shi a kan jakuna da takarkarai shi ne kanwa da gabu da kayan fata, amma uwa uba tufafi: riguna da saƙi da turkuɗi da gwado. Su komo da goro. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi sukutum a kan wannan fatauci a 1980. Girman sana'ar tufafin kuwa, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya zauna Kano a 1851 kuma ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya kimanta abin da Kano kaɗai take sayarwa a waje a shekara da wuri miliyan 300.

Bayan tseren da Lugga da Kyaftin Decoeur na Faransa suka yi zuwa Nikki a 1894, ƙasashen biyu suka zauna a birnin Faris ranar 14 ga Yuni, 1898, suka tsaga ƙasar Bargu biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Yarjejeniyar ta ce layin zai taɓa kogi a wani wuri mai nisan mil 10 sama da Giris, mashigin jiragen Illo, kuma a auna nisan a miƙe kamar tashin tsuntsu. Daga baya Turawa suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da Gwandu. Da wannan aune-aune na takarda aka mai da tsohuwar hanyar fatake ta zama hanyar fasa-ƙwauri, ba tare da matafiyanta sun sauya komai daga abin da kakanninsu suke yi ba.

Ƙasar Auduga, Ba Ta Ulu Ba

Mai karatu zai iya tambaya, mutanen da suka ƙware haka a harkar zare, me ya hana su gano saƙar allura da kansu? Ai mata su ne masu gurzar auduga da shiɓa da kaɗi, su fitar da abawa mai kauri da zare siriri a kan mazari. Suna kuma da masaƙarsu ta tsaye mai faɗi, wadda ake yin gwado da ita, daban da ta maza mai fitar da ƙwarya siririya.

Amsar tana jikin tunkiya. Tumakinmu, da balami da uda da 'yankasa, gashi gare su irin na akuya, gajere mai santsi, wanda ba ya kaɗuwa. Saƙar allura kuwa ulu take so, domin shi ne yake miƙewa ya komo, ya kuma riƙe ɗumi. Tunkiya mai ulu a Afirka ta Yamma sai ta Masina, can cikin fadamun Kwara na ƙasar Mali, da wata 'yar uwarta da ake kiwo a bakin kogi wajen Tillaberi. Su ma Fulanin Masina masaƙa suke kai ulun, a yi musu bargon da suke kira kasa, wanda fatake ke yawo da shi. Saboda haka maganin hunturu a wurin kakanninmu shi ne gwado da luru da bargo da wutar jin ɗumi. Wuya da baki da hanci kuma, rawani da amawali sun ɗauke wa maza nauyinsu, mata kuwa mayafi. Buƙatar tana nan, amma an riga an biya ta ta wata hanya.

Duk da haka akwai ayyuka biyu na gargajiya da suka yi kusa ainun da abin da muke magana a kai. Na farko aikin riga. Duk wanda ya ɗaga malum-malum ya kalle ta a hasken rana zai ga dubban ƙananan hudoji da aka daje bakin kowace da zaren tsamiya, har wurin ya zama kamar raga. Wannan leshi ne a ma'anarsa ta asali, wato ƙawata tufa da sarari maimakon cika ta. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekaru yana nazarin wannan aiki, har ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Na biyu shi ne ƙullin raga na Sarkawa da sauran masuntan Kwara, wanda za mu komo kansa nan gaba.

Jar Dara

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, tufar da aka saƙa da allura ta riga Bature shigowa ƙasar Hausa, kuma a kan sarakuna ta sauka. Ita ce jar dara. In ka shafa ta za ka ɗauka wani irin ƙyalle ne mai kauri da aka yanka aka ɗinka, alhali kuwa saƙa ce. A ƙasar Tunis mata ne suke saƙa ta da allura da farin ulu, ta fito ƙatuwa sakwat kamar jaka. Daga nan a kai ta a yi ta bugu cikin ruwa da sabulu har zaren ya cuɗe da juna, ta tsuke ta koma daidai kai, idon saƙar ya ɓace. Sannan a tsefe ta da ƙayar wani tsiro, a rina ta ja, a ɗora ta a kan abin da zai fitar da siffarta. Sana'ar ta bunƙasa a Tunis bayan da aka koro ragowar Musulmin Andalus daga Sifen a 1609, kuma zuwa ƙarshen ƙarni na 17 har kasuwa ta musamman aka gina mata a cikin birnin. Larabawan Gadamas da Tarabulus suka riƙa ratso Sahara da ita, tare da alharini da takarda da turare, zuwa Kano, inda suke da unguwarsu, Dandalin Turawa. Kada sunan ya ruɗi mai karatu, a da Balarabe fari shi ake kira Bature. Daga Kano kuma dara ta bi fatake, ta shiga ƙarƙashin rawunan hakimai da dagatai har bakin Kwara. Daga baya masana'antun ƙasar Cek suka shiga yin ta da inji, kuma tasu ta cika kasuwannin Afirka ta Yamma.

Wannan ya kai mu ga asalin sana'ar kanta. Masu kiran saƙar allura aikin Nasara ba su duba tarihi da kyau ba. Tsofaffin kayan da aka tabbatar saƙar allura ce a ƙasar Masar aka tono su, safar ƙafa ce ta auduga, fari da shuɗi, ta tsakanin ƙarni na 11 da na 14, wasu ma da rubutun Larabci a jikinsu. A Turai kuwa, daga cikin mafi tsufa akwai rigar matashin kai da aka samu a kabarin wani ɗan sarkin Sifen da ya mutu a 1275, an saƙa kalmar baraka a gefenta da haruffan Larabci. Wato dai daga hannun Musulmin Masar da Andalus sana'ar ta shiga Turai, ta yi ɗaruruwan shekaru a can, sannan ta zagayo ta same mu ta bakin teku da sabon suna.

Makarantar 'Yan Mata

Darar Tunis ta zo a gama ce, ba ta zo da ilmin yin ta ba. Ilmin sai a zamanin Turawa ya iso, kuma ta ƙofar makaranta. A 1930 aka buɗe cibiyoyin koyar da 'yan mata na En'e na farko a Katsina da Kano, da goyon bayan Sarki Muhammadu Dikko da Sarki Abdullahi Bayero. Kafin shekarun 1930 su ƙare an buɗe irinsu a Sakkwato da Birnin Kebbi da Argungu, sannan a 1939 aka kafa makarantar horon malamai mata a Sakkwato. Ɗaliban farko galibi 'ya'yan sarakuna ne da na bayin sarki da ma'aikatan En'e. Abin da ake koya musu bai wuce ɗan karatu da lissafi ba, sai tsabta da renon yara da ɗinki da saƙa. Gaskiyar magana ita ce manufar ba ta fitar da likitoci ko alƙalai ba ce, ana so ne a samar wa sababbin malamai da akawuna matan da suka dace da su. Wannan gajartar buri ta jawo wa ilmin mata a Arewa koma-bayan da aka daɗe ana biyan bashinsa. To amma abin da aka ba su ɗin sun riƙe shi, sun kuma juya shi yadda masu koyarwar ba su zata ba.

Yarinya ba ta daɗewa a makaranta a lokacin, shekara biyu ko uku sai aure. Da ta shiga ɗaki sai kwarashin ya bi ta. Kishiya ta gani ta koya, ƙanwar miji ta koya, 'yar maƙwabta da ake aikowa ta koya, wadda aka kai aure Zagga ko Ka'oje ta tafi da abinta. Makarantun mishan su ma sun taimaka a inda suke. Alal misali, matan zuhudu na Sen Luwis da suka iso Kano a 1948 daga ƙasar Ayilan suka fito, inda ƙungiyarsu ta yi suna wajen raya wata sana'ar leshin hannu tun ƙarshen ƙarni na 19. A Ayilan ɗin ma yunwa ce ta yaɗa kwarashi, domin a lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845 an koya wa mata da yara shi don su sami na abinci. A hayin Dahome kuma makarantun Faransa suna koyar da irin wannan aiki, saboda haka matan bakin iyaka ta fuska biyu abin ya zo musu. Harshe ya ajiye mana shaidar wannan tafiya: ulu da leshi da suwaita da kwarashi duk kalmomin aro ne.

Amma akwai kalma ɗaya da ba ta aro ba, ita ce tumaƙasa. Babu wata Baturiya da ta zo da niyyar koya wa Bahaushiya rufe kwanon tuwon maigida. Matan ne suka dubi faifan da suka saba rufe ƙwarya da akushi da shi, suka dubi zagayayyen adon tebur da aka koya musu, suka haɗa biyun. Tumaƙasa ta shiga kayan ɗakin amarya, ta hau kan jeren kwanoni, ta zama abin da ake gane tsabtar mace da iyawarta da shi tun daga zaure, kafin a buɗe abincin. A ganina ranar da wannan suna ya samu, ranar sana'ar ta daina zama baƙuwa.

Yadda Zaren Yake Tafiya

Ya kamata a ɗan tsaya a bambanta ayyukan, domin bambancin shi ya yanke wa kowannensu rabonsa. Masaƙi zare iri biyu yake haɗawa, na wadari a miƙe, da wanda ƙoshiya ke kaiwa da komowa, shi ya sa abin da ya saƙa ba ya miƙewa. Mai allura biyu kuwa zare ɗaya tak gare ta. Takan jera zarge a kan allura, sannan ta riƙa zaro sabon zarge ta cikin kowane tsoho, layi bayan layi. Hanya biyu ce kawai ta zaro shi, ta gaba ko ta baya, kuma duk wani ado daga su yake fitowa. In ta jera biyu gaba biyu baya, saƙar takan yi gwara-gwara ta kama jiki, irin bakin hular sanyi. Abin da aka fi fara koyo da shi, bayan ɗan faffaɗan ƙyalle, shi ne abin zagaye wuya. Ana haɗa farkon layin da ƙarshensa a yi ta zagayawa, har ya fito kamar bakin tulu, ba shi da ɗinki kuma ba shi da jelar da za ta yi lilo. A zura kai kawai, in ƙura ta taso a jawo shi ya rufe hanci. Amawali ke nan ba rawani. Aibin wannan saƙa ɗaya ne: duk zargen layin a buɗe suke a lokaci guda, in ɗaya ya kuɓuce sai ya yi ta warwarewa zuwa ƙasa.

Kwarashi ba shi da wannan matsala, domin zarge ɗaya ne a kan ƙugiyarsa koyaushe. Mace na iya ajiye shi ta duba tukunya, ta ba yaro nono, ta yi salla, ta komo ta tarar da aikinta inda ta bar shi. Ga araha, har da tsinken ƙarfe ana iya lanƙwasa shi a gida. Wannan ya sa ya fi allura biyu karɓuwa a gidajenmu.

Na uku shi ne leshin ƙulli, wanda Ingilishi ke kira tatin, Faransawa kuma suka ba shi sunan da ke nufin aikin wasa. Turkawa sun fi su gaskiya, da sunan ƙoshiya suke kiransa. 'Yar ƙoshiya ce da ba ta fi tsawon yatsa ba, mai siffar kwalekwale, an naɗe zare siriri a cikinta. Mai aikin takan zagaya zaren a yatsun hannun hagu, ta riƙa shigar da ƙoshiyar ta sama da ta ƙasa tana ƙulli. Sirrin abin, wanda kowace mai koyo take shan wuya kafin ta kama, shi ne dole ƙullin ya juye daga zaren ƙoshiya ya hau na hannu. In ya juye, ƙulle-ƙullen za su riƙa zamewa a kan zaren kamar 'ya'yan carbi, sai a ja su su rufe su zama zobe. In bai juye ba sai ya cije, babu gaba babu baya. Daga waɗannan zobba da 'yan kunnuwan da ake bari a gefensu ake haɗa bakin mayafi ko wuyan riga. Aikin ya yaɗu a Turai a ƙarni na 19, kuma wasu masana suna ganin daga ƙullin ragar masunta ya samo tushe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Giris ko Lolo ya kalli masunci yana gyaran ragarsa, da 'yar katakonsa mai ɗauke da zare tana shiga tana fita, ba zai yi musun dangantakar ba. Sai dai leshin ƙulli bai yi saiwa a ƙasar Hausa ba. Aiki ne mai cin lokaci, yini guda ba ya ba da abin da ya wuce taƙi ɗaya ko biyu, kuma kafin ya sami gindin zama wani leshin ya riga ya cika kasuwa.

Leshin Kwatano

Abin da muke kira leshi a yau ba saƙar hannu ba ne, aikin inji ne a kan yadi. Injin, wanda wani mutumin Suwizalan mai suna Isaak Gröbli ya ƙirƙira a 1863, yana da ɗaruruwan allurai, kowace da 'yar ƙoshiyarta a baya, har ma sunansa a harshensu ƙaramin jirgin ruwa yake nufi. Daga shekarun 1960 masana'antun garin Lustenau na ƙasar Ostiriya da na San Galen a Suwizalan suka gano kasuwar Nijeriya, suka shiga yin zane da launi daidai da son 'yan kasuwar Legas. Da kuɗin man fetur suka zubo a shekarun 1970, leshi ya zama tufar biki daga Ikko har Sakkwato, ya shiga lefe ya zauna daram.

A wajajen 1976 zuwa 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta hana shigo da shi tare da sauran yaduka, don a tsimi kuɗin waje kuma a kare masaƙun gida irin su na Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957. Wasu kamfanonin suka kafa injinansu a cikin ƙasa, musamman a garin Aiyepe na Jihar Ogun. Sauran kuwa adireshi kawai suka sauya. Kaya suka riƙa sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano, a rubuce na Benin ne, a zahiri kuwa na Nijeriya. Masana biyu 'yan Benin, John Igué da Bio Soulé, sun wallafa littafi a 1992 inda suka siffanta ƙasarsu da cewa ta zama rumbun ajiyar kayan maƙwabta. Mafi yawan kayan ta kudu suke shiga, amma babban titin da ya taso daga Kwatano ya bi ta Faraku da Kandi zuwa Malambil shi ne na 'yan Arewa, kuma daga Kandi akwai reshen da ya bi ta Segbana ya ɓullo Tsamiya. Kusan sawun fataken Gwanja ne, sai dai tufafin sun juya: da can daga nan suke fita, yanzu kuwa nan suke shigowa.

Gwamnatoci sun gwada toshe hanyar. An rufe iyakoki daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, aka sake rufe su a Agustan 2019, aka fara buɗe wasu a Disambar 2020, ta Kamba kuwa sai a Afrilun 2022. Kowane karo farashi ne yake tashi, hanyoyin daji da na ruwa su ƙaru. Su kuwa masaƙun da ake karewa ba su tsira ba, babbar masaƙar Kaduna ta farko ta tsaya a 2002, UNTL kuma ta rufe a 2007.

Gwanjo

Leshin inji bai yi wa masu saƙar hannu illa sosai ba, don ba kasuwarsu ɗaya ba. Wanda ya taɓa su kai tsaye shi ne gwanjo. Tsofaffin tufafin Turai sun daɗe cikin jerin kayan da Nijeriya ta haramta shigowa da su, saboda haka su ma Kwatano suke sauka, a kwance dilolinsu a kasuwar Misebo, su bazu. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da Naira ta faɗi, talaka ya koma gare su gaba ɗaya. Rigar sanyin da mace za ta yi mako biyu tana saƙawa, ga kuɗin ulu, sai ga irinta a ƙasa a kasuwar ƙauye da abin da bai kai kuɗin ulun ba. Injin saƙa irin na allura tun 1589 aka ƙirƙira shi a Ingila, ya yi shekara ɗari huɗu yana ƙara sauri, babu hannun da zai yi tsere da shi. Shi kansa ulun da ake sayarwa a kasuwanninmu suna ne kawai ya rage, galibinsa zaren roba ne da ake sarrafawa daga man fetur, wanda ya fara shiga kasuwar duniya a wajajen 1950.

A daidai wannan lokaci ne kuma gwamnati ta tuna da sana'ar. Shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, wanda aka fara a 1987, da shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha na 1994, sun buɗe cibiyoyin mata a hedikwatocin ƙananan hukumomi, ana koyar da ɗinki da saƙa da yin sabulu da man shafawa, ana raba kekunan saƙa. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991, a cikin wannan yayi ta buɗe ido. Mata da yawa sun amfana, ba a musun wannan. Kuskuren shi ne an koya musu yin abin da gwanjo ya riga ya karya wa farashi, kuma ba a tanadi kayan gyaran kekunan ba, in allura ta karye sai keken ya koma abin ɗora kwanoni.

Abin da ya tsira shi ne abin da gwanjo ba ya iya yi. Ba a kai wa mai jego tsohuwar hula a matsayin barka, saboda haka hular jariri da safarsa da rigarsa da shawul, sababbi fil, masu launin da uwa ta zaɓa, suka ci gaba da fitowa daga ɗakunan mata. Ba ado ne kaɗai ba, domin jaririn da aka haifa a tsakiyar hunturu, lokacin da sanyin asuba a bakin kogi kan sauka kusa da digiri 15, ta kai yake saurin rasa ɗuminsa, balle bakwaini. Rigunan sanyi na 'yan makaranta, masu launin da makarantar ta tsayar, sun riƙe masu keken saƙa. Kwarashi kuma ya sami wata kariya ta daban, don har yau ba a yi injin da yake kwaikwayonsa sak ba, duk abin da ka gani na kwarashi na gaskiya, hannu ne ya yi shi. Wannan ciniki yana cikin irin wanda Polly Hill ta kira ɓoyayyen ciniki a nazarin da ta yi a Batagarawa a shekarun 1960: ana yin sa a cikin gida, yara su kai talla ko a aiko a saya, kuɗin su shiga adashi, daga adashi su koma kayan ɗakin 'ya mace.

Tumaƙasa ce ta fi shan kashi, kuma kular abinci mai murfi ce ta ture ta, sai a ɗakunan tsofaffi da wasu ƙauyuka ake ganinta. Abin zagaye wuya da hular sanyi mai rufe fuska kuwa sun sami sababbin masu so, wato 'yan kabu-kabu da ke sammako da jarkoki da buhuna tsakanin gadar Tuga da garuruwan bakin iyaka. A hayin can kuma, yankin Alibori mai hedikwata a Kandi shi ne cibiyar noman audugar Benin, wadda a kakar 2018 zuwa 2019 ta noma fiye da tan 600,000 ta zama ta ɗaya a Afirka ta Yamma. Mafi yawanta ana gurje ta ne a ɗaure, a loda wa manyan motoci su gangara Kwatano, a sa ta a jirgi zuwa masaƙun Bangaladash da sauran ƙasashen Asiya, a kan titin da dilolin gwanjo da kwalayen zaren roba suke hawowa.